Darasin Waya a Lokacin Cirar Gyaɗa

Karaye,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka lafiya, gajiyar hanya ta sake ki, an ba ki ɗaki, kuma waɗanda Allah ya haɗa ki zama da su mutanen kirki ne. Allah ya tsare ki a inda idonmu ba ya kaiwa. Mu nan lafiya lau. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ƙannenki ma haka. A cikin ƙunshin nan akwai cajar wayarki da kika bari a kan taga. Ban ce komai ba. Na dai ga ya dace wadda ta tafi digiri na biyu kan koyarwa da na'urorin zamani ta fara da abin da zai kunna na'urar.

Na san za ki yi dariya da kika ga takarda, alhali da lambarki a wayata. To ai kin san yadda kiranmu yake ƙarewa. In tambaye ki gajiya, ki tambaye ni mutanen gida, sai in miƙa wa mahaifiyarki. Ke 'yar fari ce, ga shi kuma sunan mahaifiyata aka sa miki, kunya biyu ta haɗu mini a kanki. Bakina bai saba doguwar magana da ke ba. Da alƙalami kuwa ina iyawa, don ba ya ɗaga kai ya dube ni.

Maganar tsarin aikinki ce. Ranar da kika kawo mini shi a gindin darbejiya na karanta, bayan kin tashi kuma na sake karantawa. Abin da na fahimta shi ne, za ki naɗi darussan koyon karatu da muryarki, da Hausa, ki riƙa tura su wayoyin iyayen 'yan aji biyu na firamaren Ruwan Bago, yara su saurara a gida da yamma. Rabin aji za su samu, rabi ba za su samu ba, ƙarshen zango ki gwada su ki ga waɗanda suka fi iya karatu. Za ki fara a Oktoba ki gama a Disamba. Kika roƙe ni in yi wa Baffanki Buba magana, tunda shi ne hedimastan makarantar kuma taubashina ne. Ni kuma, maimakon in fara da yabo kamar yadda mai hankali zai yi, sai na ce Oktoba ai lokacin cirar gyaɗa ne. Kika ninke takardar a hankali, kika ce, "Baba, wannan bincike ne, ba noma ba." Ba mu sake tayar da maganar ba har kika hau mota.

Mahaifiyarki ta gaya mini ƙarshen watan nan za ki tsaya gaban kwamitin malamanku ki kare tsarin, kuma da zarar sun sa hannu, sauya shi sai an sha wuya. Na kuma san hutun karatun da aka ba ki a wurin aiki ba ya miƙewa. In zangon gwajin nan ya lalace, babu wani a ajiye, shekara ce za ta tafi, wataƙila da digirin. Shi ya sa ban jira ki dawo hutu ba.

Ga yabon da ya kamata in fara da shi. Tsarin yana da kyau, tunanin da ke cikinsa na mai tausayin yara ne. Na saurari darasin gwajin da kika naɗa. Muryarki ba ta gaggawa, kina faɗin baƙi ki bar fili yaro ya maimaita. Ni sai da na yi furfura a gaban allo kafin in koyi yin shirun nan. Ba darasin nake ji wa tsoro ba, hanyar da zai bi ya isa kunnen yaro nake ji. Ita wannan hanyar na san ramukanta, don da wuya akwai wanda ban faɗa ba.

Kina makarantar kwana lokacin da nake hedimasta a Kafin Dafga, wata ƙungiya ta aiko mana ƙananan kwamfutoci da farantin sola. Ranar da suka iso har tafiyata ta sauya. Na zauna a ofis da rula, na dubi jadawalin darussa, na ga safiya ta cika maƙil, sai na hango fili tsakanin tashi daga makaranta da la'asar. Fari tas a kan takarda, babu komai a ciki. Na rubuta "Kwamfuta" da jan biro, na ja layi a ƙarƙashi. Makon farko yara sun zo don su ga abin mamaki. Mako na biyu ni ne, da kwamfutocin, da wata akuya da ke son inuwar barandar. Ashe lokacin nan da na ga babu komai, a cikinsa ake kai abinci gona, a cikinsa 'ya'yan ruga ke kai maruƙa mashaya, a cikinsa 'yan mata ke ɗebo ruwa kafin su shirya zuwa Islamiyya. Takardata ce kaɗai ba ta san da haka ba.

Ummi, a ƙauye yaro ba shi da lokacin da ba na kowa ba. Duk wanda kika ɗauka, daga hannun wani kika karɓe shi, kuma gara ki san ko wane ne ki roƙe shi. Kin rubuta cewa yara za su saurara "da yamma a gida". Wace yammar? Bayan la'asar suna Islamiyya. Da magariba ana ɗaure dabbobi. Bayanta akwai karatun allo da tuwo, daga nan ɗan aji biyu ya fara gyangyaɗi a zaune. Ban ce babu wuri ba. Akwai, amma ba ke za ki zaɓe shi daga ɗakin kwanan ɗalibai ba. Uwar yaron ce ta san inda yake.

Kuskurena na biyu ya fi na farko ƙiba, kuma shi ne ya sa bakina ya riga hankalina ranar nan. Mutanen ƙungiyar suka rubuto cewa suna so su zo su ga yara suna aiki da kwamfutocin, in zaɓi lokacin da ya dace. Na zaɓi Oktoba. Dalilina mai kyau ne: ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, motarsu ba za ta kafe ba. Na yi tunanin motarsu, ban yi tunanin gyaɗa ba. Kin girma a cikin gari, bari in tuna miki. Gyaɗa ba ta jira. Da ruwa ya ɗauke ƙasa take fara ƙanƙamewa, in aka yi jinkiri sai a ja ganye 'ya'yan su tsinke su zauna a ƙasa. Saboda haka gida kakaf ake fita. Maza suna cira, mata da yara suna tsinka, ana ɗaure harawa a ɗora a kan bishiya kafin shanu su shigo. Ɗan shekara bakwai ma hannu ne a lokacin, kuma hannu mai sauri.

Baƙi na tafe, aji ya zama kango. Na sa babbar riga na bi gida gida ina wa'azin muhimmancin ilimi ga mutanen da ƙura ta rufe musu gira. Suka saurare ni da ladabi. Baffanki Buba, wanda a lokacin yake koyarwa a makarantar da ke maƙwabtaka da mu, ya raka ni gida biyu, a na uku ya tsaya a inuwa ya ce, "Malam, ka kwantar da hankalinka. Ita kwamfutar nan in an bar ta mako biyu tsiro take yi, ko gara ce ke cin ta?" Na ce masa ba a yi taron don jahilai ba. Ya ce ai shi ya sa ya ga ni ma ban samu kowa ba.

Ranar da baƙin suka zo, yaran da na iya tattarawa ba su cika benci biyu ba, yawancinsu kuma 'ya'yan malamai ne da ba su da gona. Baƙin suka ɗauki hoto, suka sha ruwa, suka yi rubuce-rubuce. Ban ga abin da suka rubuta ba, amma kashi na biyu na kayan da suka yi alkawari wata makaranta ya tafi. Ki lura, ni a gidan noma aka haife ni. Na tsinki gyaɗa har yatsuna suka yi kanta. Amma da na zauna a kan kujerar ofis, kalandar makaranta kaɗai na tuna. Don haka ban ga laifinki ba ko kaɗan. Zangon jami'arku ma a wani ofis aka tsara shi, inda gyaɗa sai a leda ake ganinta.

Ga abin da nake hangowa in kika fara a Oktoba. Za ki tura darasi, waya ta nuna ya isa, ki yi alama a takardarki. Yaron yana gona. Kafin ya gama da gyaɗa an shiga wake, kafin a gama wake an fara yankan dawa. Disamba ki gwada su, ki ga waɗanda aka tura wa da waɗanda ba a tura wa ba duk ɗaya suke, ki rubuta da gaskiyarki cewa darasin murya bai ƙara komai ba. Wannan ya fi faɗuwa jarrabawa muni, domin ba gaskiya ba ne, kuma za a ɗaure shi da bango mai kauri a ajiye a laburare. Wata rana wata yarinya za ta zo da irin tunaninki, a ɗauko littafinki a ce mata an gwada a Ruwan Bago bai yi ba.

Kada ki ce to sai a mayar da shi rani a huta. Ni ma haka na zata, ga yadda ta kaya da ni. Shekarar da aka rufe makarantu saboda annoba ina Yammedi. Zama ya ishe ni, sai na naɗi darussa a wayata, na sa aka zuba mini su a memori masu yawa, na tsaya a ƙofar masallaci ina raba wa iyaye maza. Kowa ya karɓa da hannu biyu. Wannan ya ce madalla, wancan ya ce Allah ya saka da alheri, wani ya ce ai irinmu ake nema a ƙasar nan. Na koma gida ina jin kaina kamar wanda ya buɗe jami'a. Har na rubuta wa ofishin ilimi cewa iyaye sun ba da haɗin kai ɗari bisa ɗari.

Na manta abin da na sani tun ina yaro, cewa mutanenmu ba sa ƙin abu a gaban idon malami. Ba munafunci ba ne, girmamawa ce. Mutum ya gwammace ya karɓa ya ajiye a saman katanga da ya bar ka da hannu a miƙe a gaban jama'a. Na ga kin tanadi takardar neman yardar iyaye, har da wurin dangwala yatsa. Ina tabbatar miki kowa zai dangwala. Ke 'yar Malam ce, 'yar hedimasta ce, baƙuwa ce, mace ce da ta taso tun daga birni. Wa zai kunyata ki? Amma kada ki ƙirga yatsun nan ki ce kin samu mutane. Wanda ya yi miki gardama shi ne naki. In kika ji uba ya ce wa zai riƙa kai wayar caji, ko uwa ta ce yaronta ba ya zama wuri ɗaya, to waɗannan sun fara auna abin a cikin gidansu. Ki zauna da su ki daɗe. Mai cewa madalla tun ba ki gama bayani ba, ki gode masa, ki koma wata rana ki sake tambaya ta wata hanyar.

Su memorin nawa kuwa, ga inda suka ƙare. Wayar maigida ba ta zaman gida. Tana aljihunsa a kasuwa, tana aljihunsa a wurin ɗaurin aure, in mai shanu ne tana daji tare da garke. Da aka kai amfanin gona gida, rabin mazan suka tafi cin rani, wayoyin suka bi su da darussana a ciki. Wataƙila akwai wanda ya koyi haɗa baƙi da wasali a wata tashar mota a kudu. Waɗanda suka zauna kuma, wane uba ne zai miƙa wa ɗan aji biyu wayar da yake karɓar kira da ita, ya zauna yana kallon caji na zurarewa? Wani dattijo ya dawo mini da nasa bayan an buɗe makaranta, cike da wa'azi da waƙoƙin biki. Ya ce darasin ya yi daɗi ƙwarai, sai dai wuri ne ya yi ƙaranci.

Da damina da kaka wayar tana nan yaron ba ya nan. Da rani yaron yana nan wayar ta tafi. Sai daga baya, ina hira da mahaifiyarki, ta ce da ni ai akwai wayar da ba ta zuwa ko'ina. Ƙaramar nan mai tocila, wadda yara suke yi wa laƙabin da ba zan rubuta a wasiƙa ba. Tana ɗaure a bakin zanin uwar gida, ko a saman randa, cajinta na kwana da kwanaki, tana cin memori, ba ruwanta da sabis ko data. Na ce don me ba ta faɗa mini tun farko ba. Ta ce ban tambaye ta ba, kuma a lokacin ina ta sauri.

Ko da ta faɗa mini, ni iyakata zaure. Duk shekarun da na yi ina koyar da 'ya'yan mutane, ban taɓa ganin inda suke zama su ci tuwo ba. Nakan yi sallama, maigida ya fito, mu zauna a tabarma, in yi magana da wanda ya fi kowa ƙarancin sanin lokacin da yaron yake barci. Ke kuwa sallama ɗaya za ki yi ki wuce har tsakar gida. Wannan gata ne da babu farfesan da ke kwamitinku da yake da shi in namiji ne, kuma ban ga kin sa shi a cikin kayan aikinki ba. Kin lissafa waya, kin lissafa manhaja, kin lissafa makirufo.

Shawarata ke nan, in za ki karɓa. Kada ki jefar da Oktoba, ki sauya mata aiki. Ki zo a ƙarshen mako ko hutun tsakiyar zango, ki shiga gidajen, ki zauna inda ake tsinkar gyaɗa ki sa hannu. Ba a hira mai daɗi kamar ta wurin tsinka, hannu na aiki baki na sake. A nan za ki ji wace waya ce ke kwana a gida, wa ke kai ta caji, yaushe yaro ke zama. In kin je ruga, ɗan Fillancin da kakarki ta yi ta fama ki koya, ki fito da shi ko da gaisuwa ce. Za su yi miki dariya, kuma dariyar nan ita ce za ta sa a shimfiɗa miki tabarma. A can za ki ga yaran da ba su fara jin Hausa sosai ba sai da suka shiga aji ɗaya, ki yanke shawarar abin da za ki yi da su tun kafin ki naɗi sauran darussan. Shi kuma gwajin ki kai shi zango na biyu, bayan an gama sussuka.

Sai maganar raba aji biyu. Na san dalilinta, na karanta a littafin kwas ɗinku da kika bar mini, kuma dalili ne mai ƙarfi. Amma ki yi hankali da wuƙar da za ki yanka ajin da ita. A Kafin Dafga kwamfutocin ba su isa kowa ba, sai na ce a zaɓi waɗanda suka fi ƙoƙari. Adalci ke nan a ganina. Da aka kira sunaye, duk 'yan cikin gari ne, babu ɗan ruga ko ɗaya, don su ne suka fi fashin makaranta kuma Hausar ma ba ta zauna musu ba. Babu wanda ya zo ya yi ƙorafi. Yaran dai suka riƙa raguwa da ɗaɗɗaya, sai da na yi zangon karatu guda ina zarya kafin wasu su dawo. In kika ce masu babbar waya su ne za su samu darasi, layin da za ki ja zai bi ta kan wani tsohon layi da mutanen garin suka daɗe suna lallaɓawa. Ki yi ƙuri'a a gaban iyaye, kowa na gani. Ki faɗa da bakinki cewa waɗanda ba su samu yanzu ba su ne na gaba, ki kuma cika, ko da kin riga kin karɓi sakamakonki.

Kada kuma ki sa rai rabin da ba a ba ba za su zauna ba su ji ba. A Ruwan Bago babu mai jin abu shi kaɗai. In darasin ya yi daɗi, kafin mako ya zagayo za ki ji ana rera shi a bakin rijiya, har da waɗanda ba su isa shiga makaranta ba. Wannan zai ɓata miki lissafi, ni kuwa a wurina babu alamar nasara da ta fi shi. Ki gaya wa malaminki mai duba aikin tun yanzu, ku nemi dabara tare. Ya fi ki sanin yadda ake yi da irin wannan.

Game da kwamitin, kada ki ji kunyar rubuta cirar gyaɗa a takardar jami'a. Marubutan littafinku mutanen kirki ne, na ƙaru da su, amma duk inda suka ce ɗalibi ya kunna na'urarsa, nakan ji a jikina cewa a garinsu ba a ɗauke wuta. Su kuwa malaman da za su zauna a gabanki, in kika kankare manyan kalmomin, rabinsu a ƙauye suka tashi. Kina ambaton harawa za ki ga wani ya gyara zama. Ki ƙara shafi guda na abin da za ki yi in abu ya ƙi: in memori ya ɓace, in waya ta faɗa randa, in an yi wa malamar aji canjin wurin aiki ana tsakiyar zango. Ki rage girman aikin har ya zama wanda za ki iya ɗauka ke kaɗai a ranar da kowa ya gaji da ke. In an yi miki tambayar da ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba tukuna, za ki je ki tambayo. Ni da na iya faɗin wannan a shekarunki, da wasiƙar nan ba ta kai rabin haka ba.

Na je Ruwan Bago ranar Juma'a, kamar yadda kika roƙa. Na sami Baffanki Buba a ƙofar gida yana gyaran buhuna. Ya ce da ya hango babur ɗina ya ɗauka masu karɓar haraji ne, da ya ga ni ne kuma sai ya ce gara su. Muka gaisa, muka ci abinci, na ba shi labarin aikinki tun daga farko, ban sa ra'ayina a ciki ba. Na kunna masa darasinki. Ya saurara har ƙarshe bai yi tsokana ko ɗaya ba, abin da ban taɓa gani ba tun muna yara. Da ya ƙare ya ce, "Wannan ba kai ta gado ba."

Ya ce aji naki ne, duk watan da kika zaɓa, ba zai hana 'yarsa ba. Amma ya ce abu biyu. Na farko, ajin yana da mai shi. A tsarinki kin rubuta cewa malamar aji za ta taimaka, layi ɗaya tak. Sunanta Malama Saude. Ita ce za ta amsa tambayoyin iyaye ranar da ba kya nan, ita ce kuma za ta ci gaba da zama da su bayan kin sa hular digiri kin ɗauki hoto. Ya ce a tambaye ta, kada a sanar da ita. Na biyu, ranar Alhamis mai zuwa yake taron iyaye, na ƙarshe kafin a shiga gonakin gyaɗa, bayan shi ba zai sake samun mutum uku wuri ɗaya ba sai an gama kaka. Yana so ya san abin da zai gaya musu, kuma daga bakinki yake son ji. Ya ce ni an san ni da ƙarin gishiri.

To, Ummi, ga shi nan. Na faɗi abin da na sani, kuma duk daga faɗuwa na san shi, wanda ba lalle ne ya zama ya fi karatunki ba. Zamani ya sauya, wayoyi sun yi yawa fiye da lokacina, mai yiwuwa kin hango abin da ban hango ba. Aikin naki ne, sunanki ne zai hau bangonsa. In kin auna kin ga rani, Alhamdu lillahi. In kin auna kin ce Oktoba, to Oktoba ce. Zan zuba wa babur mai in kai ki har ƙofar makarantar, in jira ki a inuwa, kuma ba za ki ji wata magana daga bakina ba, a gaban mutane ko bayan mun dawo gida. Abu ɗaya na roƙe ki: ki kira Baffanki kafin Alhamis, da kanki. Ki fara da gaisuwa, ki tambaye shi iyali da gona, ki bar shi ya gama tsokanarsa. Sannan ki gaya masa watan.

Allah ya buɗa miki ƙirji, ya sa ki dace da malamai masu haƙuri, ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane da na gaggawa irin ta mahaifinki. Allah ya sa abin da za ki koyo ya amfani yaran da ba su san ana shirya musu shi ba. Ki riƙe sallarki, ki riƙa cin abinci a kan lokaci. Allah ya dawo mana da ke lafiya, amin.

Wassalam.

Mahaifinki.